Ranar da Na Yanka wa Hadari Lokaci a Yamai

Duk wanda ya san ni a garinmu ya san halina: idan na ga ɓera da safe, kafin azahar ya zama ɗan akuya a bakina. Ban taɓa musu ba. Amma labarin nan na Yamai gishirin da na sa masa kaɗan ne, kuma inda na sa za ku ji shi da kanku. Inda ban sa ba ma za ku gane, don har yanzu idan na zo wurin sai bakina ya bushe.

Sunana Shu'aibu, Bagobiri daga gabashin Sakkwato. Na fi shekara ashirin ina aikin duba yanayi a wata ƙaramar tasha, in auna ruwan sama a gwangwani, in karanta ma'aunin zafi, in ɗaga kai in kalli gajimare in rubuta abin da na gani. Sai wata damina aka ce ni aka zaɓa in je Yamai, babban birnin Nijar, wata huɗu, in koyo karanta hotunan tauraron ɗan adam a wata cibiyar nazarin yanayi. Ni da ko wayata 'yata ce ke saita mini.

Tsorona na farko Faransanci ne. Tun daga iyaka, duk mai kakin da ya yi mini magana sai in ji kamar hukunci yake karanta mini, alhali wataƙila sannu da hanya yake yi mini. Na iso Yamai da hantsi, na tsaya bakin titi da jakata, na tare taksi na faɗa wa direba inda za ni. Ya dube ni, ya ja motarsa. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Wajen na bakwai na fara shinshina rigata. Daga baya na san haka ake yi a garin, idan ba hanyar direba ba ce tafiyarsa kawai yake yi, ba gaba ba ce.

A Zongo na haɗu da wani dillalin ɗakuna, mai zaƙin baki da hula a karkace, ya ce yana da ɗakin da ko gwamna ya gani sai ya yi sha'awa. Ya goya ni a babur muka nufi Kirkissoye, ƙetaren kogi. A kan gadar nan na gamu da tsoro na biyu. Ni mutumin tudu ne, gulbin garinmu rabin shekara ƙwallo ake bugawa a cikinsa. Wannan kuwa ruwa ne jajawur, mai faɗi, yana tafiya shiru kamar ya riga ya san abin da zai yi da mutum. Na rufe ido na ƙanƙame ƙugun dillali har ya ce in sassauta, yana da iyali.

Ɗakin ba laifi. Abin da ya ja idona shi ne an shafe bangon da shuɗin fenti daga ƙasa zuwa daidai ƙirjina, sama kuma fari. Na tambaya, dillali ya ce yayi ne, duk manyan Yamai haka suke yi. Na karɓi makulli, shi kuma ban sake sa shi a ido ba.

Maƙwabcina ne ya fassara mini fentin bayan kwana biyu. Baba Hamani ke nan, dattijo Bazabarme, dogo siriri, mai kwale-kwale mai inji da yake ɗauko kabewa da mutane daga ƙauyukan bakin kogi. Ya leƙo ɗakin, ya ɗora tafin hannunsa inda shuɗin ya ƙare, ya ce nan ruwa ya tsaya shekarar da kogi ya shigo unguwa, fentin kuwa don a rufe shaida ne. Sannan ya dubi fuskata da kyau, ya ga zanen Gobir, sai ya fashe da dariya ya kira matarsa ta zo ta ga bawan da Allah ya aiko musu har gida.

Ga wanda bai sani ba, tsakanin Bagobiri da Bazabarme wasa ne tun kakanni. Ka zagi mutum ya zage ka, ka shara masa ƙarya ya rama, ba mai fushi. A wurin nan na ji numfashina ya dawo, karo na farko tun da na ƙetare iyaka. Na ce masa tun da ya ga ubangidansa sai ya durƙusa, tsufa ba hujja ba ne. Ya ce kazar kakansa ce ta yi wa kakana wannan zane garin tonon tsaba. Daga ranar ban ƙara sanin yunwa ba. Inna Gambi, matarsa, kullum sai ta aiko mini da dambu da kopto, wato zogalen da aka kwaɗa da ƙuli. Ita ba ta shiga wasanmu. Takan dube ni ta ce na rame, ta tambayi lafiyar matata Balaraba da yara kamar ta san su, ni kuwa sai in ji ƙwalla na neman kunyata ni a gaban Bazabarme.

Idan na kira gida nakan gaya wa Balaraba a bene nake, ina hango kogi ta taga kamar Bature. Ban gaya mata na kafa ƙusa sama da shuɗin fentin na rataye jakata da takarduna ba. Ban gaya mata kullum da safe sai na je na leƙa wani karan da na soka a bakin ruwa, in ga ko kogin ya matso ba.

Cibiyar tana wancan ƙetaren, saboda haka sau biyu a rana nake rufe ido a kan gada. Malamarmu Madam Saratu ce, 'yar Dogondutsi, Kirista, gajeruwa mai tabarau. Ba ta ɗaga murya, amma idan ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi tun a firamare. Takan yi darasi da Faransanci, sannan ta juyo ta maimaita mini da Hausa. Tauraron nan, in ji ta, yana can sama da nisa, saitin tsakiyar duniya, yana zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa a wurinmu kamar a tsaye yake wuri ɗaya, idonsa a kan Afirka dare da rana. Duk kwata na awa sai ya aiko hoto, wani babban faranti a bayan ginin ya karɓa. Ba ruwan sama yake gani ba, sanyin kan gajimare yake aunawa. Gajimaren da ya fi tsawo shi ya fi sanyi a ka, kuma shi ne mai iska da tsawa. Irin wannan kwamfuta kan shafa masa ja, inda ya fi muni kuma baƙi. Da tauraron ake ganin wutar daji tun tana ƙarama, da inda ciyawa ta yi kore har fara za ta iya taruwa. Idan aka kunna hotunan a jere, sai ka ga hadari ya taso daga gabas yana rarrafowa yamma kamar wata dabba, ka auna tafiyarsa, ka ce zai iso wuri kaza ƙarfe kaza.

A kusurwar kowane hoto akwai lokacin da aka ɗauke shi, da 'yan mitsi-mitsin lambobi, bisa agogon duniya wanda ke bayan namu da awa ɗaya. Madam Saratu ta ce nan ake fara dubawa kafin a kalli gajimare. Na rubuta a littafina, har da jan layi a ƙarƙashi.

Sati uku da fara karatu na zama sarkin ruwan saman Kirkissoye. Na gaya wa 'yan unguwa tauraron ya san ni, idan na shiga ɗakin har ido yake ƙifta mini. Suka sa mini suna Mushe Meteyo, wato Malam Mai Yanayi da Faransanci. Na gaya wa Baba Hamani an hango shi daga sama yana tsamar kifi a tukunyar Inna Gambi. Wata Talata kuma, da babu ko gajimare ɗaya daga nan har Cadi, na same shi da fuskar jimami na ce hadari na zuwa da ƙanƙara kamar kabewa. Dattijon nan ya tara mutane suka ja kwale-kwalen tudu, ya kife shi, ya zauna a kai yini guda yana kallon gabas, rana na dukansa. Da yamma na zo wucewa na tambaye shi ko ƙanƙarar ta ji masa ciwo. Unguwa ta yi sati tana dariya. Shi ma ya yi, kuma ya rama, don ya sa na yi awa biyu a kan katanga saboda dorinar da ya ce ta shigo lungunmu.

Amma sau biyu bayan haka na faɗi lokacin hadari na gaskiya, ya zo kuwa daidai, har mata suka fara tambayata kafin su yi shanya. Wannan ya fi komai kumbura mini kai.

Wata Asabar a tsakiyar damina, da sassafe, Inna Gambi ta yi sallama a ƙofata. An aiko cewa yayarta na kwance rai a hannun Allah a ƙauyensu, can sama da Yamai a bakin kogi, hanyar mota kuma ruwa ya yanke ta. Sai dai ta jirgin ruwa, tafiyar kamar awa uku da rabi, ita da Baba Hamani da wasu mata biyu 'yan uwanta. Ta ce akwai wani wuri a hanyar da take tsoro, inda kogin ya buɗe ya yi faɗi, gefe da gefe duwatsu, idan ka shiga babu wurin tsayawa sai ka fita. Ba a son iska ta tarar da mutum a nan.

"Shu'aibu, ba wasa na zo ba," in ji ta. "Ka je ka duba mana abin naku. In ka ce mu tafi, mu tafi."

Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka an gama.

Ba a darasi ran Asabar, amma ana barinmu mu shiga mu gwada hannu. Sai wajen ƙarfe sha ɗaya na isa, don na tsaya shan shayi da surutu a hanya. Mai gadi ya ce an ɗauke kuran da safe, wato wutar lantarki, amma injin cibiyar ya tashi. Ban sa maganar a kaina ba. Ɗakin ba kowa. Kwamfuta a kunne, hotuna na ta juyawa a jere yadda suka saba. Ga hadari nan kuwa, babba, ja mai baƙi a tsakiya, amma can gabas wajen Ƙonni. Na ɗauki ma'auni na auna tafiyarsa, na ga ba zai taɓa Yamai ba sai dab da magariba. Su kuwa kafin la'asar sun isa.

Na kira Baba Hamani. Na ce masa ubangidansa ya yi magana da sama, an ba shi izini, ya tafi, har ya tsaya ya yi wanka a hanya in yana so, tun da ya kwana biyu bai yi ba. Ya zage ni na zage shi, na ji Inna Gambi a bayansa tana sa mini albarka. Suka tashi da rana tsaka.

Na zauna ina juyi a kujera mai taya, na fita na yi azahar na dawo. Biyu saura kaɗan Madam Saratu ta shigo, ita ke da aikin yamma. Ta gaishe ni, ta ajiye jakarta, ta dubi allon kwamfutar. Ko zama ba ta yi ba ta sa yatsa a kusurwar hoton.

"Mushe Shu'aibu, karanta mini nan."

Na karanta. Bakwai na agogon duniya, wato takwas na safe. Na sake karantawa ko lambobin za su ji tausayina su canza. Ashe tun da aka ɗauke wuta na'urar da ke karɓar hoto daga farantin ba ta tashi ba, kwamfutar kuwa ta ci gaba da juya tsofaffin hotunan da ke cikinta. Gajimaren na motsi a allo, shi ya sa na ɗauka na yanzu ne. Hadarin da na gani a Ƙonni da ƙarfe sha ɗaya tun takwas yake can. Awa uku na ba shi kyauta.

Ta shiga ɗakin baya ta tayar da na'urar, muka tsaya muna jiran sabon hoto. Furfurar da ke gefen kunnena na dama a wannan jiran na samo ta. Da hoton ya sauko, jan ya ninka girma, ya ƙara gudu, ya baro Doso tuni, garin da ke tsakanin Ƙonni da Yamai, gabansa ya lanƙwasa kamar lauje ya nufo Yamai. Madam Saratu ta ce ba zai kai awa ɗaya ba. Sai a lokacin ta dube ni sosai, ta tambayi abin da ya tayar mini da hankali haka, ai kuskuren ɗalibi ne, ba a aika wa kowa ba. Na ce an aika. Na gaya mata komai.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Ta ce in kira shi yanzu.

Ya ɗauka, ƙarar inji ta cika wayar. Na ce Baba Hamani ka nemi gaɓa ka tsaya, hadarin ya kusa, na yi kuskure. Sai na ji dariyarsa, irin ta mutumin da ya daɗe yana jiran wannan rana.

"Bagobiri, sau ɗaya ake sa ni in kife jirgi," ya ce. "Sama fes take a nan. Ka gaishe mini da ƙanƙarar."

Na rantse da Allah. Ya ce ran Talatar nan ma na rantse. Gaskiya ne kuwa, wallahi ɗaya ta kuɓuce mini a ranar, irin wadda ke fita mutum bai sani ba. Ya kashe wayar. Na sake kira bai ɗauka ba, na san yana kallonta yana ba matan labari. A nan na ga abin da na yi. Ba lokacin hadari kaɗai na ɓata ba, na ɓata bakina, kuma shi kaɗai nake da shi da zan isar musu da saƙo.

Madam Saratu ta tambaya ko matar na da waya. Tana da wata ƙarama da take ƙullewa a bakin zane. Madam ta karɓi wayata ta nemo mini lambar. Wayar ta daɗe tana ƙara. Da aka ɗauka ban yi sallama ba, ban tambayi hanya ba.

"Inna, ku fita daga ruwa. Kada ku shiga wurin duwatsun nan. Hoton da na duba ba shi ba ne."

Na ji ta ce, "Shu'aibu?" Sai wani ƙara, sai shiru. Madam ta karɓa tana magana da Zabarmanci, amma layin ya riga ya yanke. Muka yi ta kira ba ta shiga. Ta Baba Hamani ma yanzu ba ta shiga, sun kai inda babu rezo, wato sabis ɗin waya.

Na miƙe zan fita, ban ma san inda za ni ba. Madam Saratu ta ce in zauna. Ta ce ban da mutanena akwai wasu da yawa a kan kogin nan da cikin kasuwanni, kuma gargaɗin da ya kamata ya fita tun hantsi bai fita ba. Ta miƙo mini ma'auni ta ce in sake aunawa in faɗa mata lokacin isowarsa, ita kuma ta hau waya tana kiran gidajen rediyo da masu agajin gaggawa. Sau uku na yi awon nan, fensir na zamewa a hannuna don gumi, a ɗakin da ke da sanyi kamar cikin randa.

Uku saura kwata gari ya yi ja. Na leƙa taga na ga wani bango na jar ƙasa ya taso daga gabas ya shafe rabin sama, tsuntsaye na gudu a gabansa. Sai duhu, kamar an kife ƙwarya a kan Yamai. Iska ta bugi ginin, na ji kwanon wani rufi ya tashi yana kuka a sama. Darbejiyar da ke ƙofar cibiyar ta kwanta. Sannan ruwa ya sauko kamar an ɓalle gindin tanki.

Na sha ganin hadari a rayuwata, aikina ke nan. Amma ban taɓa zama ina kallonsa ta sama da ta ƙasa lokaci guda ba. Duk kwata sai sabon hoto ya sauko, baƙin tsakiyar nan ya ƙara matsawa yamma yana bin kogin. Na ɗora yatsa a inda nake zaton suke. Na yi wa Madam tambayar da na san amsarta, ko akwai yadda za a ƙara girman hoton a ga jirgi. Ta ce ɗigo ɗaya a hoton nan ya kai girman unguwa guda. Hoton da ya biyo baya, baƙin yana ƙarƙashin yatsana.

Na yi addu'o'in da na sani, na yi waɗanda na manta rabinsu. Ina ta tunanin yadda zan shiga Kirkissoye, da wane baki zan gaya wa 'ya'yansu. Madam Saratu ta sunkuyar da kai ta yi tata addu'ar, na ji ta ambaci Hamani da Gambi, mutanen da ba ta taɓa gani ba. Sannan ta zuba mini ruwa a kofi ta tsaya a kaina har na shanye.

Bayan la'asar iska ta faɗi, ruwa ya koma yayyafi. Ta ce in tafi, in ta ji wani abu za ta kira. Babu taksi, tituna sun zama gulabe. Wani mai kabu-kabu ya kai ni bakin gada ya ce iyakarsa ke nan. Na taka gadar da ƙafa ina leƙen ruwan da ke wucewa a ƙasa ɗauke da rassa da buhuna, duk baƙin abin da na hango sai in tsaya in ƙura masa ido.

A mashigar da Baba Hamani ke ɗaure jirginsa, masunta na ta kwashe ruwa daga jirage, biyu sun nutse a inda aka ɗaure su. Da suka gan ni wani ya ce ga Mushe Meteyo, yau kam bai faɗa mana ba. Suka yi dariya, ni kuwa na tambayi labarin Hamani. Wani dattijon masunci mai jan ido ya tambayi ƙarfe nawa suka tashi. Na faɗa. Ya ɗaga kai yana auna tafiyar a zuciyarsa, sannan ya kawar da fuska ya ci gaba da kwasar ruwansa. Na zauna a cikin laka da wandon ofis. Na ce musu ni na ce su tafi. Ba wanda ya tambaye ni, ban san abin da ya sa na faɗa ba. Dattijon ya jawo wani guntun katako ya ce in tashi daga laka in zauna a kai.

Rana ta fito ƙasa-ƙasa dab da faɗuwa, daidai lokacin da na ce hadarin zai iso. Sai wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Wani mutum ne yana zuba Zabarmanci da sauri, yana ɗaga murya. A duk abin da ya faɗa suna biyu na kama, Hamani da Gambi. Na roƙe shi ya yi Hausa, ya ci gaba da Zabarmancinsa. Na miƙa wa dattijon wayar.

Ban taɓa karanta wani hoto yadda na karanta fuskar mutumin nan ba. Ya saurara, ya ce to, ya sake saurara. Ya ɗaure fuska, ya dafe kai, ya ambaci Allah. Na ce a raina shi ke nan. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa har ya kasa magana. Na kama rigarsa na girgiza shi.

Suna raye, su huɗu duka. Mai wayar mutumin wani ƙauye ne da ke dab da bakin wurin duwatsun. Abin da ya faru, Inna Gambi ta ce wa mijinta ya tsaya, ya ce wasan Bagobiri ne. Ta sake faɗa, ya ƙara wa inji wuta. Sai ta rarrafa ta kan kaya har bayan jirgin, ta fizge tiyon mai daga jikin injin ta zauna a kansa. Injin ya mutu, ruwa ya fara mayar da su baya, dole ya ɗauki filafili ya kai su gaɓa yana masifa. Yana cikin rantsuwar sai ya aske mini gashin baki da wuƙar kifi, gabas ta yi ja. Da gudu suka shiga ɗakin wani masunci. Jirgin da suka ɗaure iska ta buga shi da gaɓa ta fasa masa gefe, buhun shinkafar da suka ɗauko wa marar lafiya ya tafi, wayoyinsu duka suka sha ruwa.

Dattijon ya mayar mini da wayar ya ce ana son magana da ni. Muryar Baba Hamani ce, amma a hankali, ba yadda na saba jin ta ba. Bai zage ni ba. Ya ce Gambi ta ce tun da na zo Yamai ba ta taɓa jin na yi gajeriyar magana ba sai yau, shi ya sa ta yarda. Sannan ya tambaye ni ko abin namu na sama ne ya yi ƙarya. Da na ce e da ya yarda, kuma babu mai tona ni a Kirkissoye. Na ce a'a, tauraron bai yi ƙarya ba, ni ne na kalli hoton safe na ɗauka na hantsi ne, don ban duba lokacin da ke jikinsa ba, alhali an koya mini in duba.

Can ya ce mutanen ƙauyen za su ara musu jirgi, gobe da safe za su ƙarasa, don yayar Gambi na jira. Kuma dole ta wurin duwatsun za su bi.

"Ka je ka duba mana da safe," ya ce.

Na ce ni kam na tuba, zan roƙi Madam Saratu ta duba ta kira shi da kanta, ita ce gwana, ni ko rabin karatun ban yi ba.

"Ban san Madam ba," in ji shi. "Kai nake so ka duba, don kai ne za ka ji tsoro."

Ya faɗi gaskiya. Washegari mai gadi bai gama ɗaura rawaninsa ba ina tsaye a ƙofar cibiyar. Sai da sabbin hotuna huɗu suka sauko a idona kafin na kira mutumin ƙauyen ya haɗa ni da shi, na ce su tafi. Sama fes take daga Cadi har Mali, babu abin da ya fi tafin hannu girma. Duk da haka ban tashi daga kujerar nan ba, ban ci ba ban sha ba, sai da aka kira ni daga gidan yayar Inna Gambi aka ce sun sauka.